Sankarar baki: Shin gwajin ƙwayar cutar HPV zai amfani manomin arewacin Kano?

A ranar 24 ga watan Oktoban shekarar 2023 ne gwamnatin tarayyar Nijeriya ta ƙaddamar da allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV ga 'yan mata masu shekaru 9 zuwa 14, kuma jihar Kano na cikin rukunin farko na jihohin da aka fara da su. Saƙon da ma'aikatan lafiya suka shiga da shi makarantu da ƙauyuka guda ɗaya ne, wato kare mata daga sankarar bakin mahaifa, wadda alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suka nuna cewa ta kama mata kimanin dubu 12 a ƙasar a shekarar 2020, ta kuma hallaka kimanin dubu 8.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne cewa ita wannan ƙwayar cuta ba a bakin mahaifa kaɗai take ɓarna ba. Tana haddasa sankara a bayan baki da maƙogwaro, kuma a can ɗin maza ta fi kamawa. A Amurka, alal misali, masu kamuwa da sankarar maƙogwaro mai nasaba da HPV a kowace shekara sun zarce mata masu kamuwa da sankarar bakin mahaifa.

Wannan ne ya sa a manyan asibitocin Turai da Amurka gwajin HPV ya zama wajibi ga duk wanda aka samu da sankara a wannan sashe na jiki. Abin tambaya a nan shi ne, ko wannan gwaji na da wani amfani ga manomin da ke Dambatta ko Kunchi ko Tsanyawa, wanda gyambo ya fito masa a harshe ya ƙi warkewa?

Yadda aka gano alaƙar

Masanin kimiyyar nan na Jamus, Harald zur Hausen, shi ne ya gano nau'i na 16 na ƙwayar cutar a cikin sankarar bakin mahaifa a shekarar 1983, aikin da ya kai shi ga samun lambar yabo ta Nobel a 2008. A wannan shekara ta 1983 ne kuma wasu masu bincike a ƙasar Finland suka fara nuna cewa mai yiwuwa ƙwayar cutar na da hannu a sankarar baki. An daɗe ana taƙaddama a kan batun, domin abin da likitoci suka sani tun fil azal shi ne taba da barasa su ne ummul-haba'isin wannan ciwo.

Sai a shekara ta 2000 ne wata likita a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Maura Gillison, tare da abokan aikinta suka wallafa binciken da ya sauya tunanin jama'a. Sun duba majinyata 253 masu sankarar kai da wuya, suka sami ƙwayar cutar a kashi ɗaya bisa huɗu na su, akasari a maƙogwaro. A 2007 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon na Faransa ta amince cewa nau'i na 16 na haddasa wannan ciwo.

Daga nan alƙaluma suka yi ta fitowa. Wani nazari da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa a ƙarshen shekarun 1980 kashi 16 cikin 100 ne kawai na sankarar maƙogwaro a Amurka ke ɗauke da HPV, amma a farkon shekarun 2000 adadin ya haura kashi 70 cikin 100. Wani kuma na shekarar 2010 ya gano cewa bayan shekaru uku da fara magani, kashi 82 cikin 100 na majinyatan da sankararsu ke da HPV suna raye, yayin da a ɓangaren waɗanda tasu ba ta da ita, kashi 57 ne kacal. Ke nan ciwo biyu ne daban masu kama da juna, kuma ɗayan ya fi jin magani.

Baki daban, maƙogwaro daban

A nan ne ake yawan samun ruɗani, har a tsakanin masu ilimi. Idan Bahaushe ya ce ciwon daji a baki, yana nufin duk abin da ya fito tun daga leɓe har zuwa inda abinci ke wucewa. Su kuwa likitoci sun raba wurin gida biyu. Akwai kogon baki, wanda ya haɗa da leɓe, da dasashi, da cikin kumatu, da ganda, da gaban harshe da ƙarƙashinsa. Akwai kuma bayan baki, wato tushen harshe, da wajen belu, da ƙullutun naman nan guda biyu da ke gefen maƙogwaro waɗanda ake kira tonsil.

Ƙwayar HPV a bayan baki ta fi yin ɓarna, domin naman wurin na da ƙananan ramuka inda take samun maɓoya. A kogon baki kuwa rawar da take takawa kaɗan ce. Wani babban bincike da cibiyar sankara ta Kataloniya da ke Spain ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2016 bayan duba samfura sama da 3,600 daga ƙasashe 29, ya ɗora wa ƙwayar cutar alhakin kusan kashi 22 cikin 100 na sankarar bayan baki, amma a kogon baki bai kai kashi 5 ba.

Bambancin na da muhimmanci idan aka dubi yawan masu ciwon. A shekarar 2022 an ƙiyasta cewa mutane kusan dubu 390 ne suka kamu da sankarar leɓe da kogon baki a duniya, kimanin dubu 188 suka mutu. Masu ta bayan baki ba su wuce dubu 110 ba. Saboda haka mafi yawan masu sankarar baki a duniya ba HPV ce ta jawo musu ba.

Yadda ake gwajin

Ba a gwada HPV a jikin sankara sai an yanko ɗan nama daga inda ciwon yake. Ana saka naman a cikin ruwan fomalin don kada ya ruɓe, a daskarar da shi a cikin kakin farafin, a yanka shi siriri fiye da fatar albasa, sannan ƙwararren likita ya duba shi a madubin hangen ƙananan halittu. Wannan shi ne matakin da ke tabbatar da cewa sankara ce tun farko.

Mataki na biyu shi ne gwajin da ake kira p16. Idan ƙwayar cutar ta shiga tantanin jikin mutum, takan samar da wasu sinadarai biyu, E6 da E7, waɗanda ke lalata birkin da ke hana tantani hayayyafa barkatai. Da birki ya lalace, sai tantanin ya riƙa fitar da wani sinadari mai suna p16 fiye da kima, tamkar mai ihun neman agaji. Akan zuba wa naman wani rini da ke kama wannan sinadari. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin binciken nama ta Amurka ta fitar a 2018 ta ce idan aƙalla kashi 70 cikin 100 na tantanin sankarar suka rinu sosai, to a ɗauka akwai HPV.

Sai dai p16 sawun ɓarawo ne, ba ɓarawon ba. Akwai wasu dalilan da kan sa ya ƙaru ba tare da ƙwayar cutar ba. Wani nazari da aka wallafa a 2023 a kan majinyata sama da 7,600 a Turai da Kanada ya gano cewa kusan ɗaya cikin goma na waɗanda gwajin p16 ya nuna suna da HPV, a haƙiƙa ba su da ita, kuma su ɗin ba su kai masu ita jin magani ba. Kuskuren ya fi yawa a wuraren da sankarar HPV ba ta yaɗu ba. A kogon baki kuwa, ita kanta ƙa'idar ta 2018 ta ce kada a riƙa yin gwajin a matsayin al'ada, domin sakamakonsa ba abin dogaro ba ne.

Hanyar tabbatarwa ita ce neman ƙwayar halittar cutar kanta. Na'urar PCR, wadda jama'a suka san sunanta a lokacin annobar korona, na iya gano ko da ɗan ƙanƙanin ɓurɓushin DNA na HPV. Amma ita ma tana da nata rauni, domin ganin ƙwayar cuta a wuri bai nuna cewa ita ce ta haddasa ciwon ba. Ta yiwu 'yar wucewa ce kawai. Gwajin da ya fi inganci shi ne wanda ke nuna cewa E6 da E7 na aiki a cikin tantanin, kuma shi ne mafi tsada da wahala.

Daura da haka, ana ci gaba da bincike a kan gwajin jini da na ruwan kurkurar baki. A 2013 an gano cewa wasu majinyatan na ɗauke da alamar garkuwar jiki a kan E6 a cikin jininsu fiye da shekaru goma kafin sankarar ta bayyana. To amma babu wani gwajin tantance lafiyayyun mutane da aka amince da shi a baki, irin wanda ake yi wa mata a bakin mahaifa. Dalili kuwa shi ne, wani bincike na 2012 a Amurka ya sami ƙwayar cutar a bakin kusan mutum bakwai cikin ɗari, alhali mafi yawansu jikinsu zai kawar da ita da kansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu ba tare da sun ma sani ba.

Abin da aka gani a Afirka ta Yamma

Ɗan abin da aka bincika a wannan yanki ya sha bamban da na Amurka. A birnin Dakar na Senegal, binciken da aka wallafa a 2013 ya duba majinyata 117 masu sankarar kai da wuya, ya sami HPV a jikin huɗu kacal.

A Nijeriya ma an wallafa makamancinsa a 2016, inda aka tattaro samfuran nama 149 daga manyan asibitoci huɗu. Ba a sami ƙwayar cutar ko a guda ɗaya ba. Amma akwai wani abu a cikin rahoton da ya fi sakamakon jan hankali: kimanin kashi ɗaya bisa uku ne kawai na samfuran aka iya karanta DNA ɗinsu. Sauran sun lalace. Masana sun san dalilan da kan jawo haka, wato fomalin da ba a haɗa shi daidai ba, ko nama ya daɗe a cikinsa, ko a ajiye kakin shekara da shekaru a ɗaki mai zafi. Wannan na nuna cewa kafin a kai ga batun sayen na'ura mai tsada, akwai aikin da ya rage a kan kwalbar da aka fara jefa naman a ciki.

Daga gona zuwa ɗakin gwaji

Arewacin Kano yanki ne mai cunkoson jama'a, inda gona ke manne da gona, ƙauye na hangen ƙauye, ana noma gero da dawa da gyaɗa da wake a fili guda kowace damina. Ba yanki ne da ya yi nisa da birni ba. Dambatta na kan hanyar Kazaure da Daura, Bichi na kan hanyar Katsina, kuma dukansu suna da babban asibiti. Amma aikin duba nama a madubi da rina shi, a birnin Kano yake, musamman a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda kuma ake ajiye rajistar masu sankara.

Tazarar da ta fi wahala ba ta hanya ba ce, ta lokaci ce. Sankarar baki kan fara ne da farin tabo ko ja, ko ƙaramin miki wanda sau da yawa ba ya zafi. Mai shi zai ce haƙori ne ya cije shi, ko zafi ne ya yi masa yawa. Zai je kemis a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. In damina ce, zai ce sai an gama noma. In kaka ce, sai an sayar da amfanin gona. Ita kuwa ta bayan baki ta fi wayo, domin galibi abin da ake fara gani shi ne kaluluwa a wuya wadda ba ta ciwo, kuma a ƙasar da tarin fuka ya yi yawa, hankalin ma'aikacin lafiya can zai fara tafiya.

Ita kanta kalmar daji na ƙara dagula lamarin. A karkara ana kiran kusan duk wani kumburi ko gyambo mai taurin kai da wannan suna, ciki har da cutar noma mai cinye fuskar yara, wadda ba sankara ba ce, kuma akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999. Akwai kuma imanin da ya yaɗu cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe. Wanda ya yarda da haka ba zai bari a yanki namansa ba, kuma in ba a yanka ba, babu zancen p16 balle PCR.

Bugu da ƙari, abin da ya fi zama barazana ga bakin mutumin karkara na nan a kasuwa. Binciken amfani da taba da aka gudanar a Nijeriya a 2012 ya nuna cewa kashi 5.6 cikin 100 na manya na amfani da ita, kusan kashi 2 cikin 100 kuma ba zuƙa suke yi ba, shaƙa ko tsotsa suke yi. Garin taba da ake haɗawa da kanwa a dasa a leɓe tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Irin wannan haɗi ne ake kira tumbak a Sudan, inda bincike ya daɗe da alaƙanta shi da sankarar baki a daidai wurin da ake dasa shi.

Sakamakon bai sauya magani ba

Da aka ga masu HPV sun fi jin magani, an yi fatan za a iya sassauta musu, a rage musu wahalar gashi da allura. An gwada. Manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Turai, da aka fitar da sakamakonsu a ƙarshen 2018, sun maye gurbin tsohon maganin nan cisplatin da wani sabo mai suna cetuximab, sai aka ga mace-mace sun ƙaru. Saboda haka tsarin bai sauya ba: tiyata, ko gashi da na'ura na kimanin makonni bakwai, galibi haɗe da allura.

Amfanin gwajin ga majinyaci, ke nan, shi ne sanin matakin da ciwonsa yake da kuma abin da zai sa rai da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ga manomin da zai sayar da tumaki ko ya jinginar da gona, tambayar da ta fi damunsa ita ce inda za a yi masa gashin da kuma wanda zai biya. Shekaru da dama majinyatan Kano sai sun tafi Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. A farkon 2023 an ƙaddamar da cibiyar kula da masu sankara a Giginyu da ke birnin Kano. Asusun tallafa wa masu sankara da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 kuwa, da sankarar nono da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya soma.

Akwai kuma haɗarin da ba na asibiti ba. Ana ɗaukar HPV ne ta hanyar saduwa, ciki har da ta baki, kuma a al'ummar da mutunci ya fi dukiya, takardar da ke ɗauke da wannan sakamako na iya girgiza aure. Gaskiyar magana ita ce, mafi yawan mutanen da suka taɓa aure ko saduwa sun haɗu da ƙwayar cutar a wani lokaci na rayuwarsu, kuma tsakanin kamuwa da bayyanar sankara akan ɗauki shekaru goma zuwa talatin. Gwajin ba ya nuna lokacin da aka ɗauka, ba ya nuna daga wa aka ɗauka, kuma ba hujja ba ce ta cin amana. Asibitin da zai fara bayar da wannan sakamako na bukatar wanda zai iya yin wannan bayani da Hausa, a tsanake, kafin a miƙa takardar.

Darasi daga Kerala

Abin da aka tabbatar yana ceton rai a karkara ya fi duk waɗannan arha. Daga 1996 aka fara wani gwaji a gundumar Trivandrum ta jihar Kerala a Indiya, inda aka horar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba, suka riƙa bi gida gida suna leƙa bakin mutane da haske. Sakamakon da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa a tsakanin masu amfani da taba ko barasa, mutuwa daga sankarar baki ta ragu da kimanin kashi ɗaya bisa uku.

Kano ba ta rasa masu irin wannan aiki ba. Akwai ma'aikatan ƙananan asibitoci a mazaɓu, akwai dubban mata da suka saba shiga gida gida tun zamanin yaƙi da shan inna. Akwai ma wanzamai, waɗanda babu mai leƙa bakin mutanen ƙauye kamar su. Ƙa'idar da za a koya musu gajeriya ce: duk miki ko tabo ko kumburi a baki ko wuya da ya wuce makonni uku bai warke ba, a tura mai shi babban asibiti.

Ina matsayin yara maza?

Inda gwajin HPV zai fi yi wa Kano amfani shi ne wajen tsara manufa. Ostireliya ta fara yi wa yara maza rigakafin a 2013, Birtaniya a 2019, kuma a 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da amfani da allurar Gardasil 9 don kariya daga sankarar maƙogwaro. Shirin da Nijeriya ta ƙaddamar a 2023 na 'yan mata ne zalla, kodayake allurar da aka kawo na kariya daga nau'i na 16, wanda shi ne ke haddasa kusan kashi 90 cikin 100 na sankarar maƙogwaro mai nasaba da HPV.

Faɗaɗa shirin zuwa ga maza abu ne mai cin kuɗi, kuma a jihar da ba ta manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba, wadda kuma ta dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004, duk wata sabuwar allura sai an zo da hujja mai ƙarfi. Alƙaluman Amurka ba za su zama wannan hujja ba, na Dakar ma haka. Hujjar na cikin naman majinyatan Bichi da Dambatta da Makoɗa da ake yankowa a asibitocin Kano, muddin aka saka shi a fomalin mai kyau, aka rubuta ainihin wurin da aka yanko shi, ko kogon baki ne ko bayansa, sannan aka tabbatar da sakamakon p16 da gwaji na biyu.